A Rufe Ruwan Tukuna: Masu Gyaran Famfo a Kankiya da Kusada

Duk wanda ya saba bin titin Katsina zuwa Kano, in ya wuce Charanchi ya ratsa Kankiya, ya miƙe ta Yashe da Gidan Mutum Ɗaya a ƙasar Kusada, ya san yadda tankunan roba suka yawaita a saman katangu. Baƙaƙe ne galibi, a ɗore bisa dogayen ƙafafun ƙarfe, a gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa, da masallatai, da makarantun Islamiyya, da gidajen mai, da wuraren wankin mota. Duk tankin da ka hango, kusa da shi akwai rijiyar burtsatse ko tsohuwar rijiya da aka zura wa inji. Akwai bututun da ya hau da ruwa, akwai wanda ya sauko da shi ya rarraba cikin gida. Akwai kuma mutumin da ya haɗa su, wanda ake ajiye lambarsa a waya saboda ranar da ruwa zai ɓalle.

Shi ne mai gyaran famfo. Da yawansu ba su da shago. Wurin zamansu benci ne a ƙofar mai sayar da kayan famfo, jarinsu kuma buhu ne ɗaure a bayan babur: zarto, sifana mai haƙora babba da ƙarama, filaya, guduma da cizal, gwangwanin gam, farin tef na zare, tsumma, da tarin guntayen bututu waɗanda ba sa yarda a zubar, don sun san akwai ranarsu.

Jihar Katsina tana da hukumar ruwa ta birane, tana da RUWASSA mai kula da karkara. Ga kuma madatsar Zobe a Dutsin-Ma, wadda aka kammala tun 1983, amma sai a 2021 aka ƙaddamar da kashin farko na aikin tace ruwanta. Duk da haka, galibin gidajen wannan yanki da ke da famfo a ciki su ke samar wa kansu ruwa. Maigida shi ya biya masu haƙa, shi ya sayi injin sumo mai turo ruwa daga cikin rijiya, shi ke sayen fetur ko ya jira wuta. Ƙasar tsakiyar Katsina kuwa a kan tsohon dutse take zaune, ruwan yana ɓoye ne a tsagogin dutsen, shi ya sa za ka ga burtsatsen wani gida yana cika tanki cikin ɗan lokaci, na maƙwabcinsa kuma sai an yi ta kunnawa ana kashewa ana jira ya taru. Ruwan da aka sha wannan wahala aka ɗora shi sama, zubewarsa ba ƙaramar asara ba ce.

A yi lissafi a gani. Tanki mai lita 2,000 jarka 80 ke nan irin ta 'yan garuwa mai lita 25. In bututu mai rabin inci ya karye a gindin famfon tsakar gida, kafin a yi sa'o'i kaɗan tankin ya koma fanko. Wannan shi ne yoyon da ake gani, ake ihu a kansa. Wanda ba a damuwa da shi shi ne ɗigo. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 11,000 a shekara, wato jarka 440 da 'yan kai. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Mai tayar da janareta don cika tanki ya san ma'anar wannan a aljihunsa. Sannan ga gini. Gidaje da yawa a Kankiya da Kusada, musamman na cikin gari da ƙauyuka, ginin ƙasa ne da aka shafe da siminti. Ruwan da ya kwana biyu yana tsiyaya a gindin irin wannan bango ba ya tsayawa a ɓata fenti. Jiƙa tushen yake yi, ya kira gara, wata rana da damina a ji katanga ta zauna.

Kayan aikin daga nesa suke tasowa. Farin bututu ko mai ruwan toka da ake kira PVC, asalinsa gishiri ne da man fetur: kusan kashi 57 cikin 100 na nauyinsa sinadarin kulorin ne da ake cirowa daga gishiri. Ana shigo da garin robar daga waje, masana'antun cikin gida su narka shi su fitar da shi dogaye. Kawunan famfo da bawul-bawul kuwa akasari daga Sin ake kawo su, ko da an buga musu sunan Italiya a jiki. Daga Legas kaya ke haurowa Kano, su sauka a irin su kasuwar Ƙofar Ruwa, inda masu shaguna na Kankiya ke zuwa sari. A ɗaure dogayen bututu a saman mota, a biyo ta Bichi da Tsanyawa. Kowane zango da nasa ƙarin: kuɗin lodi, kuɗin mota, ribar mai shago. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024, duk abin da ya ƙetaro teku sai farashinsa ya bi ta. Mai gyaran famfo ya koyi rubuta kwanan wata a takardar lissafi, ya kuma gaya wa mai aiki cewa wannan farashin na yau ne.

Bututu iri uku za ka tarar a gidajen yankin, kuma kusan kana iya gane shekarun gida daga irin wanda ke cikinsa. Tsofaffin gidajen gwamnati da makarantu na ƙarfe ne a cikinsu, wanda ake yanka wa zare da hannu a ɗaura. Yana da ƙarfi, amma tsatsa tana cin sa daga ciki har hanyar ruwan ta tsuke, wata rana ya huje ta wajen zaren. Bayan shi PVC ya mamaye ko'ina saboda araha da sauƙin aiki, zarto da gam kawai yake bukata. Aibinsa rana. In aka bar shi a fili ya sha zafin bazara shekara biyu uku, sai ya bushe ya yi gautsi, akuya ta soshe jikinta da shi ko yaro ya rataya a kan famfo, sai ka ji ƙas. Na baya-bayan nan shi ne PPR, kore ko fari, mai kauri, wanda ba ya son gam, sai dai a narka bakinsa da ƙarfe mai zafi a manne. Ya fi tsada, amma shi masu hali ke binnewa a bango yanzu. Sauran ƙananan kaya, elbo da ti da soket da yuniyan da nifil, kowanne da girmansa: rabin inci, tiri-kwata, inci ɗaya.

Sai bawul, wanda saboda shi na ɗauko wannan magana. Iri biyu aka fi sani. Akwai mai kai zagayayye da ake murɗawa sau da yawa, wani ƙyaure na tagulla yana sauka a hankali ya toshe hanyar ruwa. Zuwa hannun dama rufewa ne, zuwa hagu buɗewa. Akwai kuma mai dogon hannu, ja ko shuɗi, wanda a cikinsa ƙwallo ce mai huji. Shi juyi ɗaya ne kacal. In hannun ya miƙe tare da bututu, a buɗe yake. In ya gicciye, a rufe yake. Daga nesa ma ana iya ganewa, kuma yaro ɗan shekara bakwai zai iya rufe shi. Masu sana'a sun fi son sa saboda haka. Bayan waɗannan akwai ƙaramin da ake sa wa a bango ƙarƙashin wurin wanke hannu da bayan tukunyar masai, akwai mai hana ruwa komawa cikin rijiya in an kashe inji, akwai kuma mai ƙwallon roba da ke yawo a saman ruwa ya toshe in tukunya ta cika.

Gane na ƙwarai daga jabu ilimi ne da ake samu bayan an sha kunya. Bawul ɗin tagulla na gaske yana da nauyi a tafin hannu, in an kankare gefensa da wuƙa launin cikinsa rawaya ne. Jabun wani farin ƙarfe ne marar nauyi da aka yi wa wanka da ruwan tagulla, kana matsa shi da sifana sai ya tsage ta wajen zare, ko ya jira sai bayan wata shida da dare. Mai shago yakan ajiye duka biyun, ya tambaya, “Na aiki za a ba ka, ko na kasuwa?” Araha dai ba ta ado.

A kan bawul ne rigimar farko take tsakanin mai gyaran famfo da mai gida. An gama gini, kuɗi sun ƙare a bulo da kwano da tayil, sai ga takardar kayan famfo. Alhaji ya ɗauki biro ya bi layi-layi. Bututu dole ne, kan famfo dole ne, shawa dole ne. Da ya zo kan bawul guda shida sai ya tsaya: “Malam, duk waɗannan na mene ne? Ɗaya bai isa ba?” A soke biyar. Wani lokaci ma har ɗayan sai an yi gardama. A ganina babu tsimin da ya kai wannan tsada a duk ginin gida. Kuɗin da aka rage bai kai na 'yan kwalayen tayil ba, amma gidan da ke da bawul ɗaya, ranar da famfon kicin ya lalace sai an rufe wa kowa ruwa, har banɗakin baƙi, har wurin alwala. Gidan da babu ko ɗaya kuwa, sai dai a tara bokitai a zuba wa tanki ido har ya ƙare.

Mai sana'ar da ya san abin da yake yi yakan dage a kan wurare kaɗan. Ɗaya a bututun da ya sauko daga tanki, ba can sama kusa da gindin tankin ba inda sai an hau tsani, a'a, ƙasa daidai ƙirjin mutum. Ɗaya a inda layi ya shiga kowane sashe, domin gidan mata biyu ko uku kowace da nata ɓangaren. Ɗaya a bakin kowane banɗaki. Kuma kusa da babban bawul yakan sa yuniyan, don ranar da bawul ɗin kansa ya mutu a kwance shi ba tare da an yanka bututu ba. Wanda ya binne bawul a cikin siminti, ko ya bar shi a bayan ɗakin ajiya inda buhunan gero za su danne shi da kaka, ya yi aiki, amma bai gama ba.

Dalilin wannan dagewa yana cikin yadda gidajenmu suke. Ruwa ba ya ɓallewa sai lokacin da maigida ya fita. Yana kasuwa, ko ofis, ko ya tafi Kano. Mata da yara ne a gida, kuma baƙon namiji ba ya faɗawa gidan matan aure kai tsaye, sai ya yi sallama ya tsaya a zaure har a sami wanda zai yi masa iso. Saboda haka saƙon yakan yi zagaye: uwargida ta kira maigida, maigida ya kira mai gyara. Masu sana'ar sun haddace yadda hirar take tafiya.

“Malam, kana ina? Ruwa ya ɓalle a gida, an ce har ya fara shiga ɗaki.”

“Subhanallahi. Alhaji, an kashe inji?”

“Babu wuta ma.”

“To a rufe na ƙarƙashin tanki.”

“Wanne ke nan?”

Wannan “wanne ke nan” ita ce ke cinye tanki guda. Mai gyaran yana iya kasancewa a Kafin Soli ko Rimaye yana wani aikin, kafin ya wanke hannu ya hau babur ya iso, an yi sa'a biyu. Shi ya sa na fi ganin girman wanda, ranar da ya gama haɗa gida, ba ya karɓar cikon kuɗinsa sai ya ce a kira masa babban yaron gidan, ya kama hannunsa ya ɗora a kan bawul, ya ce rufe, buɗe, sake rufewa, sannan ya ce je ka nuna wa su Hajiya. Wasu har fenti suke ɗiga wa babban, don a ce “mai jan fenti” a waya kowa ya gane. In ka duba, yana rage wa kansa kiran gaggawa ne. Amma irinsa ne ake ba wa aikin sabon gini in ɗan gidan ya tashi aure.

Abin da suke koya wa mutanen gida ba shi da yawa, sai dai a bi shi a jere. In inji yana aiki, shi ake fara kashewa, domin rufe bawul a gaban sumo yana turo ruwa yana iya fasa bututu ko ya ƙona injin. Sannan a rufe bawul mafi kusa da wurin yoyon. In ba a san shi ba, a rufe babban. Daga nan a buɗe famfon da ya fi kowanne ƙasa a gidan, yawanci na tsakar gida, a tara bokiti, ruwan da ya rage a layi ya fita ta nan maimakon ta cikin bango. In ruwa ya kusanci soket ko wayar wuta a ƙasa, kada kowa ya taka sai an kashe wutar gidan daga babban makunni, ko da an ɗauke, don ba a san lokacin da za a kawo ba.

Akwai kuma bawul ɗin da yana nan amma ya cije. Mai zagayayyen kai ya fi yin haka. Shekara huɗu ba wanda ya taɓa shi, yashin burtsatse da tsatsa sun cika maƙogwaronsa, ranar bukata a murɗa ya ƙi. Sai wani ƙaƙƙarfa ya kawo filaya ya sa ƙarfi, kan ya karye a hannunsa, ko ya yi ta juyawa ba ya kama komai. Maganin abin bai wuce a riƙa rufe shi ana buɗewa duk bayan 'yan watanni ba. Wasu masu gyaran kan ce a haɗa shi da ranar wanke tanki, don kada a manta.

In mai gyara ya iso an riga an rufe ruwa, aikin PVC ba ya cin lokaci. Ya duba tsagin, ya yanke wurin da ya lalace da zarto, ya ƙara ɗan yatsa biyu kowane gefe saboda tsagi yakan yi tafiyar da ido ba ya gani. Ya kankare bakin, ya goge da tsumma har ya bushe ƙarau, domin gam da ruwa ba sa shiri. Ya shafa gam a wajen bututu da cikin soket, ya tura da ɗan murɗawa, ya riƙe yana ƙirgawa a zuci. Gam ɗin ba manne yake yi kawai ba, narka fuskar robar yake yi, biyun su zama ɗaya. Daga nan sai jira. Mai gida yana tsaye yana cewa a buɗe a gani, mai gyara yana cewa a ƙara haƙuri, don ya san in aka saki ruwa da wuri gobe shi za a kira a ce aikinsa bai yi ba. Wurin da ke da zare kuma tef ake naɗawa, ta ɓangaren da zaren ke tafiya, in aka naɗa ta baya sai ya warware yayin ɗaurawa.

Akwai dabarar da kowa ya sani ko da ba kowa ke faɗa ba. In babu soket, sai a kunna guntun kwali a gasa bakin bututu har ya yi laushi, a cusa ɗayan a ciki. Tana fitar da mutum kunya a ƙauyen da shago ke da nisa, amma wurin da wuta ta lasa ya riga ya yi rauni. A layin da ya sauko daga tanki takan daɗe, domin ƙarfin ruwan kaɗan ne: tsayin mita 10 ne ke ba da nauyin kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita, tankunan gida kuwa da wuya su wuce rabin haka. A layin da sumo ke turawa sama kuwa, nan ne za ta fara buɗewa. Haka ɗaurin robar tsohon tub da mutanen gida ke yi. Ba laifi ba ne, yakan riƙe kwana biyu. Laifin shi ne a mayar da shi gyara, a bar shi har shekara.

PPR shi ke bukatar wuta. Ƙarfen narkawar yana kaiwa zafin digiri 260, ana cusa bututu ta gefe ɗaya, elbo ta ɗaya gefen, daƙiƙa biyar ko makamancin haka ga ƙaramin bututu, a zare a haɗa ba tare da murɗawa ba. In aka bar shi ya wuce lokaci, robar ta narke ta toshe hanyar daga ciki, a gama gini a ga shawa tana fitar da ruwa kamar hawaye, ba wanda ya san dalili. In babu wuta sai an nemo janareta, kuma a nan ake fara musu kan wanda zai sayi fetur.

Inda gwaninta take bayyana shi ne yoyon da ba a gani. Tanki yana cika da yamma, da asuba ya yi rabi, kuma ba wanda ya yi wanka. Gidajen nan babu mita, don haka tankin ne ma'auni. Mai gyara zai ce a rufe duk famfuna, a yi alama a inda ruwa ya tsaya, a kwana. In ya sauka, washegari a rufe bawul ɗin sashe ɗaya a sake gwadawa, har a gane layin da ke sha. Ga amfanin bawul shida nan ya fito; a gidan bawul ɗaya sai dai a yi ta fasa ƙasa bisa zato. Daga nan sai ido da kunne. Fentin da ya kumbura, tayil ɗin da ya canza launi ta bakin layi, wurin da ciyawa ta yi kore shar a tsakiyar rani, tururuwa da suka yi sansani a gindin bango. Ruwa ba ya tsami banza. Wasu kan kafa dogon sukundireba a jikin bututu su ɗora kunne a ƙotar, cikin dare in gari ya yi shiru, su ji tsiyayar. Sau da yawa kuma bayan duk wannan bincike, ɓarawon a fili yake: robar cikin tukunyar masai ce ta saki, ruwa yana silalewa cikin masai dare da rana ba ƙara.

In ta tabbata a cikin bango ne, sai guduma da cizal, sai kuma ɓacin rai. Ba mai son a fasa masa tayil, balle in irinsa ya ƙare a kasuwa. Mai tayil ya ce mai famfo ne bai haɗa da kyau ba, mai famfo ya ce kafinta ne ya buga ƙusa a kan layi. Wanda ya ƙware ba ya bari a kai nan: kafin magini ya rufe bango yakan toshe bakunan, ya cika layi da ruwa ya bar shi ya kwana, a gaban mai gida.

Maganar kuɗi iri biyu ce. Sabon gini ana cinikinsa ne bisa yawan banɗakuna da wuraren da ruwa zai fita, a ba da kafin alƙalami, a cika in an gama. Nan ne ake samun abin da za a sayi buhun masara ko a canza tayar babur. Gyara kuwa ba shi da tsayayyen farashi. Mutumin da ya bar aikinsa ya ƙona mai ya zo Kusada daga Kankiya, ya tarar roba ce ƙarama za a canza, minti goma ya gama, nawa zai ce? In ya faɗi abin da ya dace a ce ya cika tsada, “ɗan wannan abin?” In ya ce a ba da abin da ya sawwaƙa, wani ya ba shi abin da bai kai kuɗin man ba, wani ya ce sai an yi albashi. Garin kuma kowa ɗan'uwan kowa ne, ba a kai surukin yayanka ƙara saboda kuɗin gyaran famfo. Daga cikin abin da ya samu zai sallami yaronsa, ya sayi ruwan zarto da gam, wanda in an buɗe gwangwani ba a rufe da kyau ba zafi ke daskarar da shi.

Wannan rashin tsayayyen lada shi ke tura wasu ga abin da ke ɓata sunan sana'ar: a ƙara kuɗi a takardar kaya, ko a rubuta na ƙwarai a sayo jabu. Ba na ba su uzuri, amma mai gidan da ke ganin kuɗin aiki kamar sadaka yake bayarwa yana da nasa kason a ciki. Masu tsare mutuncinsu sukan raba takarda biyu, kaya daban, aiki daban, su ce Alhaji ya aiki ɗansa shago su tafi tare.

Shekara ma ba daidai take ba. Bayan kaka, in an sayar da amfanin gona, gini yakan tashi, aiki ya yi yawa har a riƙa guje wa waya. Gabanin azumi masallatai kan gyara wuraren alwala, gabanin biki a gyara sashen amarya. Da bazara ruwan ƙasa yakan ja baya, injuna su yi ta jan iska suna ƙonewa, sai aikin ya koma ciro sumo daga rijiya, mutum uku huɗu suna jan igiya da tiyo a tsakiyar rana. Da damina kuwa kasuwa takan kwanta, mai gyaran famfo ya ɗauki fartanya kamar kowa. Aikin kuma yana da nasa haɗari da wahala: ga hawa ƙarfen tanki ba igiya ba komai, ga buɗe layin masai da ya toshe, aikin da ko an wanke hannu da omo sau uku ba a jin daɗin cin tuwo. Ga kuma rashin tsaron da ya taɓa wasu ƙauyukan yankin a 'yan shekarun nan, wanda ya sa akwai kiran da in ya zo bayan La'asar sai a ce a bari sai da safe.

Famfunan jama'a wani babi ne. Burtsatse mai sola da gwamnati ko ɗan siyasa ko wani mai neman lada ya gina, da jerin kawunan famfo shida ko takwas, hannu ɗari ke murɗa su kullum. Cikin 'yan watanni, biyu daga ciki sun mutu, an cusa musu tsinke da leda, ɗaya yana zuba ba tsayawa, wurin ya zama taɓo. Inda unguwa ta kafa kwamiti ana tara 'yan kuɗi, akan kira mai gyara a biya shi. Inda babu, shi ne dai zai wuce ya gani, ransa ya ƙi ba shi, ya ciro tsohon kan famfo daga buhu ya ɗaura fi sabilillahi.

Koyon sana'ar a hannu ake yi. Uba ya kai ɗansa wurin oga, yaro ya fara da ɗaukar buhu da haƙa rami da fasa bango. Sai ya daɗe kafin a ba shi zarto, ya ƙara daɗewa kafin a ba shi gam, domin yankan da ya karkace asarar bututu ce. Aikin farko da ake tura shi shi kaɗai yawanci irin wannan kiran gaggawar ne: je ka rufe musu ruwa, ka duba abin da ya lalace, ka kira ni. Ƙaramin yaro kuma ya fi saurin samun izinin shiga cikin gida. Bayan 'yan shekaru a yaye shi da addu'a, wani ogan ya haɗa masa da sifana da zarto. Mai son aikin gwamnati ko na kamfani yakan je ya yi jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ke da mataki uku, daga na uku zuwa na ɗaya.

Yanzu sola ta shigo ta canza aikin. Tsadar fetur ta sa gidaje da yawa sun koma injin da ke aiki da hasken rana, wanda ba ya jiran kowa ya kunna shi: rana na fitowa zai fara turo ruwa, in tanki ya cika ya ci gaba da ambaliya ta sama har Magariba. Sabon yoyon da ake kira a kansa ke nan. Maganinsa wata 'yar na'ura ce da ake ratayawa cikin tanki, in ruwa ya ɗaga ta sai ta yanke wa injin wuta. Haɗa ta aikin waya ne, ba na gam ba, don haka samarin da ke tasowa a sana'ar yanzu sukan ɗan zauna wurin masu aikin lantarki su koyi abin da ya sawwaƙa, buhunsu kuma ya ƙaru da abin gwada wuta da baƙin tef.